J biyu a kan 9-8-3: in yi tarko ne, ko in kore su?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina buga foka ta intanet, Teksas Holdem, teburin mutum shida, kuɗin dole (wanda mutum biyu ke sawa tilas kafin a raba kati) santi 25 da santi 50, kowa da jarin dala 50. Aka ba ni J♠J♣ ina kujerar da ke dab da mai rabo, na ɗaga zuwa dala 1.25, mai babban kuɗin dole kaɗai ya biyo ni. Aka buɗe 9♥8♥3♣, ya wuce, ni ma na wuce don in ɗana masa tarko. Kati na huɗu ya zo K♥, ya zuba kuɗi mai yawa, na ajiye. Wani karon da irin wannan hannun na tura jarina duka don kada a ja mini kati, sai wanda ya bi ni ya fito da 8 guda uku. Yaya ake buga hannun da yake da ƙarfi amma kusan kowane kati na iya karya shi? Ko dai shafin ne yake da maguɗi?"

Ɗan'uwa, hanyoyin nan biyu da ka bi kamar gabas da yamma suke, amma tushensu ɗaya ne. A duka biyun ba ka tsaya ka tambayi kanka wa zai biya ka ba, da wane hannu, kuma nawa zai iya biya. A na farko ka bar kowa ya ga kati kyauta. A na biyu ka tsawwala farashi har ba wanda zai saya sai wanda ya riga ya fi ka.

Mu fara da ƙirga kartar, don a nan za ka ga ainihin abin da ke hannunka. Ka ga biyu a wurinka, uku a tebur, saura 47 da ba ka gani ba. A da K da Q guda 12 ne, kuma duk wanda ya sauka a cikinsu J ɗinka ya daina zama a saman tebur. Zuciyoyin (♥) da ba sa cikin waɗannan guda 8 ne, kowace tana cika fulosh, wato kati biyar masu alama ɗaya, ga mai riƙe da zuciya biyu. Sai 10 da 7 da 6 da 5 waɗanda ba zuciya ba, guda 12, duk suna iya haɗa wa wani jere, wato kati biyar da lambobinsu ke bin juna. Sai 9 uku da 8 uku da suka rage, waɗanda ke mayar da mai 9 ɗaya ko 8 ɗaya ya zama mai uku. In ka tara, 38 ke nan. Abin da ya saura tara ne kacal: 2 guda uku, 4 guda uku, 3 guda biyu, da J♦. Ke nan a cikin sau biyar, kusan sau huɗu kati na huɗu zai zo da abin da zai sa gabanka ya faɗi. Damar a ce na huɗu da na biyar duka sun fito daga cikin taran nan kuwa 36 ce cikin 1,081, wato wajen kashi 3 cikin 100. Ko A da K da Q kaɗai ka duba, ɗayansu zai bayyana kafin a gama rabo kusan sau 45 cikin 100.

Wannan ya isa amsar zargin maguɗi. K♥ da ya sauko maka ba ya bukatar wani ya taɓa na'ura, karta ce take yin abin da ta saba. Ban ce ba a taɓa cuta a wannan harka ba. A 2007 da 2008 an bankaɗo cewa a Absolute Poker da UltimateBet akwai asusun da ke ganin katin abokan wasa, kuma 'yan wasa ne da kansu suka gano hakan ta hanyar tattara tarihin hannaye masu yawa suna auna su. Abin lura a nan shi ne yadda aka kama su: da lissafin dubban hannaye. Hannu biyu ko goma da suka yi maka ciwo ba sa tabbatar da komai. Kuma teburin intanet yana raba hannaye fiye da ninki biyu na abin da ake rabawa a teburin da mutum ke raba kati da hannunsa, ga shi mutane da yawa suna buɗe tebur uku ko huɗu lokaci guda, don haka baƙin cikin da wani zai gani a wata guda kai sai ka gan shi a mako.

Amma kada katunan nan 38 su firgita ka fiye da kima. Su 38 ne idan ka haɗa duk hannayen da abokin karawarka zai iya riƙewa. Shi kuwa hannu ɗaya ne da shi, kuma wannan hannun kaɗan ne daga cikinsu suke yi masa amfani. Idan A♠9♠ ne da shi, katunan cetonsa biyar ne, zai ci ka wajen sau 20 cikin 100. Idan K♦Q♦ ne, wajen 24. Idan A♥5♥ ne, mai jiran fulosh ga kuma As (katin A), ya kai 46. Idan 7♥6♥ ne, mai jiran fulosh da jere gaba ɗaya, katunansa 15 ne, shi ne ma a gabanka da kusan 54, duk da cewa a wannan lokacin ko tagwaye (kati biyu masu lamba ɗaya) ba shi da su. Waɗanda suka riga suka fi ka kuwa ba su da yawa: 99 da 88 da 33, kowanne ana iya haɗa shi ta hanya uku, tara ke nan, sai 98 mai tagwaye biyu. QQ da KK da AA yawanci da ya sake ɗagawa tun kafin a buɗe fulof, wato katuna ukun farko na tebur. Ka kwatanta wannan da tarin hannayen da mai babban kuɗin dole ke shigowa da su saboda an yi masa rangwame: kowane 9 da kowane 8 da abokinsa, 77, 66, 55, 10-7, J-10, Q-10, zuciyoyi biyu iri-iri, manyan katuna da ba su kama komai ba. Kai ne a gaba nesa ba kusa ba, a yanzu.

Hannun nan ɗanyen kaya ne, irin kwandon tumatir da aka sauke a kasuwa da asuba. Da safe yana da masu saye da yawa kuma yana da daraja, in ka ɓoye shi kana jiran farashin yamma sai ka tarar ya fara ruwa. A fulof, mai A9 yana ganin shi ne sarki, mai jiran fulosh yana da kati biyu a gaba don haka ba zai tafi ba, mai 10-7 haka. Da zarar K♥ ya sauka, mai A9 ya tsorata ya daina biya, mai fulosh kuwa ya daina zama mai biya ya koma mai karɓa. Wato mugun kati yana cutar da kai ta fuska biyu: wani lokaci ya ba shi nasara, wani lokaci kuma, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, ya bar ka a gaba amma ya kore maka kasuwa.

Shi ya sa tarko ba na wannan hannun ba ne. Ana ɗana tarko da hannun da kati ba ya tsorata shi, kuma abokin karawa ba shi da abin da zai biya da shi tukuna. Misali kana da KK aka buɗe K-7-2 kowanne da alamarsa daban. A nan kai ka riƙe kusan duk abin da ke tebur, kati kyauta zai iya sa shi ya kama wani abu da zai biya ka da shi, kuma da wuya ya wuce ka. J biyu a kan 9-8-3 mai zuciya biyu kishiyar wannan ce ta kowace fuska.

Dubi mai K♦Q♦ ɗin nan da kyau, don shi ne ke nuna abin da ake nufi da kare hannu. Idan ka zuba, zai ajiye. Za ka ji kamar ba ka samu komai ba, tunda ka kori wanda ka fi. Amma yana da kashi 24 na kuɗin tsakiya, kuma kuɗin tsakiya dala 2.75 ne, ke nan ya yafe maka wajen santi 65, fiye da babban kuɗin dole guda. Idan ka wuce, kai ne ka mayar masa da santi 65 ɗin nan, ba tare da ya ba ka ko sisi ba, domin ba zai sa kuɗi ba sai ya kama K ko Q, lokacin da ya riga ya fi ka. A wasan da ake ɗaukar mai cin babban kuɗin dole biyar a hannu ɗari a matsayin ƙwararre, irin wannan kyautar ba ƙarama ba ce.

To tura jari duka fa? Ka sa dala 48.75 don ka ci dala 2.75. Mai A9 zai ajiye, mai 77 zai ajiye, mai 10-7 zai ajiye, duk waɗanda da ma su ne abincinka. Wanda zai bi ka shi ne mai uku iri ɗaya, sai mai tagwaye biyu, sai mai katunan ceto 15 wanda ba ka fi shi ba. A gaban mai 9 uku rabonka kusan kashi 12 ne cikin 100, ke nan duk sanda ya bi ka, a matsakaici ka yi asarar wajen dala 37. Sai an ajiye maka sau goma sha uku da ɗoriya kafin ka mayar da asarar bi guda ɗaya. Kuma ko a lokutan da aka ajiye maka, ka ci ƙasa da abin da za ka ci da ka sa farashin da za a iya biya. Tsoro ne ke sa mutum ya yi wannan turin, yana so hannun ya ƙare ya huta da fargaba. Na fahimci hakan sarai. Amma ba a biyan mutum don ya gama hannu da wuri, ana biyansa ne idan abokin karawarsa ya sa kuɗi a inda bai kamata ba.

Abin da zan yi a kujerarka shi ne in zuba dala 2, wato tsakanin biyu bisa uku da uku bisa huɗu na kuɗin tsakiya. Shi zai biya 2 don ya ci 4.75, ke nan yana bukatar ya yi nasara wajen sau 30 cikin 100 kafin biyan ya mayar da kansa. Mai A9 da kashi 20 ɗinsa zai biya, kuma kuskure ne a gare shi wanda ba yadda zai yi ya kauce masa, don ba zai iya zubar da babban tagwayen tebur a zubi ɗaya ba. Haka mai 10-9, mai 10-10, mai A8, sau da yawa har mai 77. A nan ribarka take. Da ka zuba ɗaya bisa uku, kashi 20 kawai zai bukata, sai ka ba kusan kowa farashin da ya dace da shi, har mai K da Q. Ƙaramin zubi yana da wurinsa a busasshen tebur, wanda ba jere ko fulosh da ake jira, irin A-7-2, ba a nan ba.

Akwai wata gaskiya da ya kamata in faɗa maka game da mai jiran fulosh, don kada ka ɗora wa kanka abin da ba zai yiwu ba. Ba za ka iya korarsa a fulof ba, kuma ba aikinka ba ne ka kore shi. Zuciya tara yake jira cikin 47, wato kashi 19 a kati mai zuwa, kashi 35 in ya ga duka biyun. Farashin dala 2 ya fi kashi 19 ɗinsa, amma giɓin ƙarami ne: idan zai samu ƙarin ƙasa da dala 4 daga wurinka a lokutan da ya kama, ya fita. Saboda haka zai bi, kuma bai yi laifi ba. Inda ake cin kuɗinsa da gaske shi ne a kati na huɗu, lokacin da damarsa ta ragu zuwa kati ɗaya, da kuma wurin da ka ƙi biyansa bayan ya kama. Zan dawo kan wannan.

Yanzu a ce ka zuba 2 sai ya ɗaga zuwa 7. A nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Tsakiya ya zama 11.75, kana bukatar sa 5, ke nan kashi 30 kake nema. Idan mutumin yana cikin masu ɗagawa da hannun jira, irin 7♥6♥, J♥10♥, A♥5♥, 10-7, to kana da abin da ya fi haka, sai ka bi. Bi kawai, kada ka sake ɗagawa, domin sake ɗagawa zai mayar da kai cikin ramin tura jari duka: raunanan su gudu, ƙarfafan su zauna. In ka bi, kana da albarkar matsayi, za ka ga kati na huɗu kuma ka ga abin da ya yi kafin ka motsa. Amma idan mutumin irin wanda ka daɗe kana gani ne yana bi yana bi bai taɓa ɗagawa ba, ranar da ya ɗaga to ya kama wani abu. A ƙananan tebura irin wannan suna da yawa. Da shi, ka bi sau ɗaya in kana so, amma in ya sake zuba babba a kati na huɗu, ajiye J ɗinka ba tsoro ba ne, sanin mutum ne. Yawancin shafuka suna ba ka wurin rubuta ɗan bayani a kan kowane ɗan wasa. Layi ɗaya da ka rubuta, "ya ɗaga fulof da 9 uku, bai taɓa ɗagawa da jira ba", ya fi maka kowane lissafi amfani a ranar da kuka sake haɗuwa.

Dalilin da ya sa nake cewa a yi hattara a nan shi ne zurfin jari. A fulof saura dala 48.75 a gabanka, tsakiya 2.75, wato jarin ya ninka tsakiya kusan sau 18. A irin wannan zurfin, tagwaye ɗaya, komai girmansa, ba hannun da ake sa jari duka ba ne, domin kafin dala 50 ta shiga tsakiya sai an yi ɗagawa a kan ɗagawa, kuma mutane ba sa yin haka da A9. Da a ce kai ne ka sake ɗagawa kafin fulof zuwa dala 4 aka bi ka, tsakiya zai zama 8.75, saura 46, ninki biyar da ɗan kai. A can zubi biyu zuwa uku sun cinye jarin, ana iya bin ka har ƙarshe da 10-10 ko A9 ko hannun jira, kuma J biyu a kan 9-8-3 ya kusa zama hannun da ba ka saki. Katunan ba su canja ba, zurfin ne ya canja hukuncin.

Haka in ku uku ne ko huɗu a fulof. Katunan nan 38 da na ce kaɗan ne ke yi wa mutum ɗaya amfani, yanzu an raba su tsakanin mutane, wannan yana jiran zuciya, wancan yana jiran K. Dalilin zubawa ya ƙaru, amma ƙarfin hannunka ya ragu, kuma idan ka zuba wani ya bi wani kuma ya ɗaga, yawanci ka gama. In kuma kai ne ba ka da matsayi, wato kai ke fara magana, ba laifi ka riƙa wucewa wani lokaci da niyyar bi ko ɗagawa, don kada ya zama duk sanda ka wuce an san hannunka wofi ne. Manhajojin warware wasa irin PioSolver, da suka bazu tun wajen 2015, sun nuna abin da ya dace da wannan tunanin: a irin wannan tebur, tagwayen da manyan katuna ke iya hawa kansu, kamar 10-10 da JJ, sun fi bukatar zubi fiye da AA, wanda ba katin da zai hau kansa, don haka idan za ka ajiye wani babban tagwaye a cikin hannayen da kake wucewa da su, AA ya fi cancanta. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su zuba da AA don murna, su wuce da JJ don fargaba.

Akwai abu ɗaya da ba zan tsallake ba, tunda kuɗin gaske ka ambata. Gidan wasa yana cire la'adarsa daga kusan kowane kuɗin tsakiya da aka kai fulof, a ƙananan tebura wajen kashi 5 cikin 100 har zuwa wani iyaka, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa yawancin masu wasa su kasance cikin asara in an daɗe. Ko wanda ya iya yana iya shafe dubban hannaye yana ƙasa, saboda hawa da saukar wasan sun ninka ribarsa sau da yawa. Kuma kai ma ka san hukuncin caca a addini, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ba ɓoyayya ba ce, ba kuma ni zan halatta maka ita ba. Lissafin da nake yi maka daidai yake a teburan da ake wasa da kuɗin ƙarya, in ilimin wasan kake so. In ka ga ka fara sa kuɗin cefane ko na haya, ko kana bin asara da ƙarin kuɗi, to matsalar ta wuce J biyu, ka tsaya ka yi magana da wanda ka yarda da shi.

Mu koma hannun. Ka zuba 2, ya bi, tsakiya 6.75, saura 46.75. Tun kafin ka danna zubin ya kamata a ce ka raba katunan da ke tafe gida-gida a ranka, don daƙiƙun da shafin ke ba ka ba su isa a fara tunani daga farko ba.

Idan 2♠ ko 4♦ ya sauka, ka ci gaba, kuma kada ka rage hannu. Dala 5 ta yi. Yana bukatar kashi 30 kamar dā, amma yanzu mai jiran fulosh kawai yana da kusan kashi 20 kuma ba wani kati bayan wannan. Don biyan dala 5 ya mayar da kansa, sai ya ci sama da dala 20 a lokutan da ya kama. Tsakiya yana ba shi 11.75, ke nan yana bukatar ya karɓi kusan dala 9 daga aljihunka a kati na biyar. In kai mutum ne da zuciya ta uku ke sauka ya zuba maka 12 ka ce "bari in gani", to kai ne ka gyara masa kuskurensa, bin da ya yi ya zama daidai. In kuwa kana iya ajiyewa, ko ka biya ƙaramin zubi kawai, to duk sanda ya bi dala 5 ɗin nan asara ya yi. Wannan shi ne rabin kare hannu da ba a cika magana a kansa ba, kuma ya fi zubin wuya, don yana bukatar ka saki hannun da ka fara da shi kana a gaba.

Idan K♣ ko Q♦ ne, wato babban kati amma ba zuciya ba, kada ka ɗauka an gama da kai. Ka tuna yawancin masu K da Q tsirara sun ajiye a fulof, wannan ma yana cikin amfanin zubin da ka yi. Waɗanda suka rage su ne irin K9 da K♥ da wata zuciyar. Har yanzu ka fi A9 da 10-9 da masu jira. Za ka iya zuba ƙarami, kamar dala 2.50 zuwa 3, ko ka wuce da niyyar bin zubi matsakaici a ƙarshe. Q ta fi K haɗari don tana cika wa J-10 jere, ko da yake J biyu suna hannunka, hanyoyin haɗa J-10 sun ragu daga 16 zuwa 8. As ya fi su duka muni, domin A9 da A8 sun zama tagwaye biyu, ga masu As da zuciya, a nan wucewa ta fi.

Idan 10♣ ne, 76 da QJ sun cika jere, 10-9 da 10-8 sun zama tagwaye biyu, amma kai ma ka samu 8-9-10-J, kowane 7 ko Q zai ba ka jere. Irin wannan hannun ba ka so a ɗaga maka ka rasa ganin kati na biyar, don haka wucewa a baya tana da kyau. Idan zuciya ce ƙarama, kamar 4♥, ya wuce, za ka iya zuba ƙarami ka ajiye in ya ɗaga, ko ka wuce. Kuma idan K♥ ne, katin da ya haɗa babba da fulosh, ya zuba babba, ba ka da zuciya ko ɗaya a hannunka, to ajiyewa daidai ce. Ka lura da wannan ƙaramin abu: da J♥ ne ɗaya daga cikin biyun, da kana da ɗan abin riƙewa, zuciya ta huɗu za ta ba ka fulosh, kuma ka rage masa hanyoyin haɗa nasa.

A kati na biyar maganar karewa ta ƙare, ba sauran katin da za a ja maka. Tambaya ɗaya ta rage: in na zuba, waɗanda za su bi ni, fiye da rabinsu na fi su? A ce tebur ya ƙare 9♥8♥3♣2♠4♦, tsakiya 16.75, ya wuce. In ban da masu A5 da 65 da suka cika jere, masu jira duk sun faɗi, ba za su ba ka komai ba ko nawa ka sa. Masu uku iri ɗaya da tagwaye biyu yawanci da sun ɗaga tun baya a tebur mai haɗari haka. Saura A9, K9, Q9, 10-9, 10-10, wataƙila A8 mai taurin kai. Waɗannan za su biya dala 7 ko 8, da yawansu ba za su biya 17 ba. Ka zuba 8. Mutane da yawa suna wucewa a nan don sun gaji da fargaba, suna murna sun tsira, sai su bar kuɗin da ya fi duk abin da suka karɓa a fulof da kati na huɗu in an haɗa. In ya ɗaga maka a kan 8 ɗin nan, a tebur na santi 25 da 50, da wuya ƙwarai ya zama ruɗu ne, ka ajiye. Jimillar abin da ka sa a hannun gaba ɗaya dala 16.25 ce, kusan sulusin jarinka, kuma wannan shi ne gwargwadon abin da tagwaye ɗaya ya cancanta a jari mai zurfin ninki 18.